Yadda Ake Auna Magana Kafin a Yanke Shawara a Wurin Aiki

A kowace safiya ta Allah, a cikin garin Tawa da kewayensa, akwai mutanen da aikinsu ya ɗora musu yanke shawara a kan dukiyar da ba tasu ba, da kuma rayuwar mutanen da ba su ma san su ba. Shugaban ƙungiyar manoman albasa zai ce a sayar ko a ajiye, shugaban gidan likita zai ce a ƙaro wannan magani a jinkirta wancan, daraktan makaranta zai raba malamai a azuzuwa, mai shago kuma zai zaɓi wanda zai ba bashi da wanda zai hana. Mafi yawansu masu ilimi ne, masu kyakkyawar niyya, amma duk da haka ana tafka asara, kuma idan aka bi sawun asarar sau da yawa sai a tarar ta faro ne daga wata magana guda wadda kowa ya karɓa, babu wanda ya tambayi inda ta fito. Ana iya koyon yin wannan tambaya kamar yadda ake koyon kowace sana'a, kuma ana iya koyon yin ta ba tare da an ɓata wa kowa rai ba, wanda a wurinmu shi ne ɓangaren da ya fi wuya.

Rubuta tambayar tukuna

Kafin a shiga muhawara, a ɗauki takarda a rubuta shawarar da ake son yankewa cikin jimla guda, tare da ranar da ya zama dole a yanke ta da kuma wanda alhakin yankewar yake wuyansa. Taro da yawa yakan ɗauki rabin yini ana ta musu, alhali kowane mutum wata tambaya daban yake amsawa a zuciyarsa: wannan yana tunanin ko za a sayi sabon injin ban ruwa, wancan yana tunanin a wurin wa za a saye shi, na uku kuwa bai ma yarda cewa injin ne matsalar ba. Idan jimlar ta ƙi rubutuwa, alama ce ta cewa ba a kai ga yanke shawara ba tukuna.

Bayan an rubuta, sai a dubi tambayar da kanta, a ga ko ita ce ta dace. Ƙasarmu tana da misali babba a kan wannan. Shekaru da dama ana kashe kuɗi wajen renon ƴan itatuwa da dasa su domin yaƙi da hamada, galibinsu kuma suna mutuwa saboda zafi da iska da dabbobi, amma tambayar da ake yi kullum ita ce yadda za a ƙara yawan dashen. A 1983, a yankin Maraɗi, wani masanin noma ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa ƴan tsirrai da ake sassabewa a gonaki kowace shekara toho ne na kututturan itatuwa masu rai, waɗanda saiwarsu ta riga ta yi nisa a cikin ƙasa. Tambayar ta koma yadda za a kare abin da yake nan, a rage masa rassa, a bar shi ya girma. Manoma suka karɓi abin suka yaɗa shi tsakaninsu, har aka ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a kan hekta kimanin miliyan 5 a Nijar. Ilimin da ake buƙata yana nan tun farko a hannun manoma, tambayar ce kawai ta kasance a karkace. Saboda haka idan wata matsala ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a wurin aikinka duk da ƙoƙarin da ake yi, ka koma ka dubi yadda aka tsara tambayarta tun asali.

Abin da ka gani, abin da aka faɗa maka, abin da kake zato

Wannan shi ne ginshiƙin aikin duka, kuma a nan nake so mai karatu ya daɗe. Ka raba takardarka gida uku. A gida na farko ka rubuta abin da ka gani da idonka ko ka ƙirga da hannunka, a na biyu abin da wani ya faɗa maka, a na uku kuma abin da kake zato ko kake fata. Duk wanda ya gwada wannan da gaskiya zai ga gida na farko ya fi sauran ƙaranci nesa ba kusa ba, kuma zai ga abubuwa da dama da ya ɗauka sani ne ashe a gida na uku suke.

A ce ƙungiyar manoma ce a wajen Galmi ko Madawa, an cire albasa a watan Maris, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi kamar yadda ya saba a lokacin girbi. Ana son a yanke shawara ko a sayar yanzu ko a zuba a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, a jira watannin da take yin tsada. Abin da aka gani shi ne yawan buhunan da ke ƙasa, da yanayin bushewarsu, da kuɗin da ke cikin asusu, da bashin taki da na mai da ake bin ƙungiya. Abin da aka ji shi ne cewa masu saye daga Gana da Kwadebuwa za su zo da yawa bana, kuma wani dillali ne ya faɗa. Abin da ake zato shi ne farashi zai ninka sau uku kamar wata shekara da kowa yake tunawa da ita, hanya za ta kasance a buɗe, kuma ruɓewa ba za ta yi yawa ba. Da zarar an shimfiɗa abin haka, kowa zai ga cewa shawarar ajiyewa tana tsaye ne a kan maganar mutum ɗaya da zato uku. Wannan ba ya nufin ajiyewa kuskure ne, yana nuna wuraren da ya kamata a bincika kafin a ɗaure kai.

Duk abin da ya faɗa gida na biyu, a yi masa tambayoyi kaɗan. Wanda ya faɗa, shi ya gani ko shi ma ji ya yi? Yaushe ya gani, jiya ko wata uku da suka wuce? Me zai samu idan aka gaskata shi? Dillalin da yake cin lada a kan ciniki da ɗan kwangilar da yake son a ba shi aiki ba lallai maƙaryata ba ne, amma ɗan Adam yakan fi ganin abin da zai amfane shi, don haka ana neman wata majiya wadda ba ta da riba a cikin lamarin. A kula kuma da tarko guda da wayar hannu ta ƙara wa ƙarfi: saƙon murya ɗaya zai zagaya rukunonin WhatsApp, mutum biyar su kawo maka shi a rana guda, sai ka ji kamar shaidu biyar ne, alhali baki ɗaya ne ya faɗa. Wannan tarbiyya tamu ce tun asali. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta yi umarni da a nemi tabbaci idan wanda ba a amince da shi ba ya zo da labari, domin kada a cuci wasu mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama, kuma malaman hadisi sun gina ilimi sukutum a kan bin sawun wanda ya ji daga wa, da halinsa, da ƙarfin haddarsa. Abin takaici ne mutumin da ya san darajar isnadi a makarantar zaure ya shiga biro ya karɓi "an ce" ya sa hannu a kan miliyoyi.

Sau da yawa tabbatarwa ba ta da tsada. Kiran waya biyu zuwa ga masu saye a kasuwanni daban-daban, ko duba farashin da tsarin bin diddigin kasuwannin amfanin gona, SIMA, yake tattarawa, ko zuwa sito a buɗe buhu goma da aka zaɓa ba tare da mai sito ya nuna ba, duk aikin yini guda ne. Gani ya kori ji.

Shi kuwa gida na uku, hanyar auna shi ita ce a tambayi abin da zai faru idan zaton bai tabbata ba. Ƴan kasuwar jihar Tawa sun san wannan a jikinsu. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba ta sake buɗewa ba sai Disamba na 2020. Takunkumin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa wa Nijar a 2023 ya tsayar da hanyar Kotonu, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai tsawo da tsada, kuma a wannan lokacin ne darajar naira ta yi mummunar faɗuwa, abin da ya shafi duk mai ciniki a Ƙonni. Duk tsarin da aka gina a kan hanya ɗaya, ko mai kawo kaya ɗaya, ko mai saye ɗaya, yana ɗauke da zato wanda ba a rubuta ba, kuma aikin mai tunani shi ne ya fito da shi fili ya tanadi abin da za a yi ranar da ya karye.

Alƙaluma ma ana yi musu tambaya

Mutanenmu na biro suna girmama lamba, musamman idan ta fito a kwamfuta cikin jadawali mai launi. Amma lamba ita kaɗai ba ta cewa komai sai an san da me aka gwada ta. Idan rahoto ya ce masu zazzaɓin cizon sauro sun ninka a watan Satumba idan aka gwada da watan Mayu, babu abin mamaki, domin damina ce take kawo sauro. Gwajin da zai yi amfani shi ne Satumban bana da Satumban bara, sannan a tambaya ko a tsakani an ƙara kayan gwajin jini ko an buɗe sabon wurin duba marasa lafiya, domin wani lokaci cutar ba ta ƙaru ba, ganinta ne ya ƙaru. Haka kuma ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna mutanen Nijar sun haura miliyan 17, suna ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 a shekara. Don haka makarantar da ta yi murnar cewa ɗalibanta sun ƙaru da kashi 2 cikin 100 tana iya kasancewa baya take yi, idan yaran unguwar sun fi haka ƙaruwa.

A lissafa kuma abin da ba a so a lissafa. Mu koma ga albasa da alƙaluman misali kawai: buhu 100 a kan jika 10 kowane, wato jika 1000, kuɗin rudu da gadi da juyawa jika 200, sannan buhu 30 suka tafi a ruɓewa da ramewa. Saura buhu 70 ne za su biya jika 1200, ke nan sai farashi ya haura jika 17 kafin a fara maganar riba. Wanda ya ce farashi zai ninka, daga 10 zuwa 20, gaskiya ya faɗa wataƙila, amma ribar da za ta rage ba ta kai yadda kunne ya ji ba. Lissafin minti goma ne, kuma ya kamata a yi shi a allo gaban kowa.

Akwai kuma tambayar su wa suka ɓace daga cikin lissafin. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an duba jiragen yaƙin Amurka da suka dawo daga fagen fama domin a san inda za a ƙara musu sulke. Masanin lissafi Abraham Wald ya nuna cewa jiragen da ake dubawa su ne waɗanda suka tsira, saboda haka ramukan harsashi da ke jikinsu suna nuna wuraren da jirgi zai iya shan harbi ya dawo, wuraren da ba a ga rami ba kuwa, kamar wajen injin, su ne waɗanda idan an harba jirgin ba ya dawowa a gan shi. A wurin aikinmu abin yana faruwa kullum. Ana tambayar matan da suka zo awo ko sun gamsu, su ce sun gamsu, amma wadda ta daina zuwa saboda nisa ko saboda an yi mata tsawa ba ta cikin waɗanda aka tambaya. Ana ba da labarin ɗan kasuwar da ya ajiye hatsi ya yi arziki, ba a jin labarin goman da suka ajiye suka karye, domin su ba sa zama a majalisa suna ba da labari.

Tarko na ƙarshe a wannan babi shi ne lambar da aka fara ji. A 1974 masana halayyar ɗan Adam biyu, Amos Tversky da Daniel Kahneman, sun wallafa wani gwaji inda aka juya faifai mai lambobi a gaban mutane, aka shirya shi ya tsaya a kan 10 ko 65, sannan aka tambaye su kashi nawa cikin 100 na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda suka ga 10 amsarsu ta tsakiya 25 ce, waɗanda suka ga 65 kuwa 45, alhali lambar faifan ba ta da wata alaƙa da tambayar. Kahneman ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2002 saboda irin wannan bincike. Maganin abin a aikace shi ne ka yi naka ƙiyasin a takarda kafin ka buɗe takardar farashin ɗan kwangila, kuma ka nemi farashi daga wurare uku waɗanda ka tabbata ba su san da juna ba.

Neman asalin matsala

Idan abu ya lalace, amsar farko da ake samu yawanci sunan mutum ce: direba ne, mai gadi ne, sakatariya ce. Kamfanin motoci na Toyota ya shahara da wata hanya mai sauƙi, wadda injiniyansa Taiichi Ohno ya yaɗa, ta maimaita tambayar "me ya sa" har sau biyar. Allurar rigakafi ta lalace, me ya sa? Firji ya tsaya. Me ya sa ya tsaya? Baturin hasken rana bai cika ba. Me ya sa? Ƙura ta rufe faifan. Me ya sa ba a share ba? Ba a taɓa sanya wa kowa wannan aiki a rubuce ba. Da an tsaya a tambaya ta farko da an sayi sabon firji, shi ma ya tsaya idan hunturu ya dawo da ƙurarsa.

Abin da zuciya take so

Mutum yakan riga ya yanke shawara a ransa sannan ya shiga tara hujjojin da za su goyi bayanta, kuma ba ya jin yana yin haka. Hanyar kama kai ita ce, kafin ka fara bincike, ka rubuta abin da idan ka gan shi za ka canja ra'ayi, sannan ka je ka neme shi da gangan. Idan kana son ɗaukar wani aiki saboda ya burge ka a hira, ka tambayi wurin da ya bari dalilin barinsa. Idan babu wani abu a duniya da zai sa ka canja ra'ayi, to binciken da kake yi na ado ne.

A kiyayi kuma hujjar nan ta "mun riga mun kashe kuɗi da yawa, ba za mu tsaya yanzu ba". Kuɗin da aka zuba a rijiyar da ba ta ba da ruwa ba sun tafi, ko an ci gaba ko an tsaya. Tambayar da ta rage ita ce ko kuɗin da za a ƙara daga yau sun fi amfani a nan ko a wani wuri. Na san abin da yake riƙe shugabanni a nan shi ne tsoron a ce sun gaza, kuma tsoro ne mai dalili, amma dukiyar jama'a ba ta kamata ta zama kuɗin sayen mutuncin mutum ɗaya ba.

Yadda za a sa ƙarami ya yi magana

Duk abin da ya gabata mutum zai iya yin sa shi kaɗai a teburinsa. Amma yawancin shawarwari a taro ake yanke su, kuma a taronmu akwai kunya da girmama na gaba, halaye masu kyau waɗanda ba na fatan mu rabu da su. Matsalar ita ce wanda ya fi kusa da gaskiyar aiki, wato mai sito da direba da unguwarzoma da malamin aji, shi ne wanda ya fi nisa da ikon magana. Idan shugaba ya buɗe taro da faɗin ra'ayinsa sannan ya ce "ko akwai mai magana?", amsar da zai samu ita ce "haka ne, ranka ya daɗe", kuma zai fita yana tsammanin an yi shawara.

Wannan ba ciwon Hausawa kaɗai ba ne. A ranar 28 ga Janairu 1986 kumbon Challenger na Amurka ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum 7 da ke ciki suka mutu. A daren da ya gabata, injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokokin sun yi gargaɗi cewa sanyin da ake ciki zai iya hana zoben roba da ke toshe mahaɗar rokar yin aikinsa, suka nemi a jinkirta, amma manyansu suka amince a tashi. Ilimin yana cikin ɗakin, tsarin yanke shawarar ne bai ba shi hanya ba.

Idan kai ne shugaba, gyaran yana hannunka, kuma ba ya buƙatar ko dala. Ka faɗi tambayar ka riƙe ra'ayinka sai ƙarshe. Ka fara jin mafi ƙanƙanta a muƙami, ka hau zuwa sama, domin idan babba ya riga ya yi magana ƙarami ba zai saɓa masa ba. A lamari mai nauyi, ka raba ƴan takardu kowa ya rubuta ra'ayinsa ba suna kafin a buɗe baki, wanda ba ya rubutu kuma ka same shi shi kaɗai kafin taro. Mata da yawa a wuraren aikinmu ba za su yi jayayya da namiji babba a gaban jama'a ba, don haka wanda yake son saninsu sai ya nemi hanyar da za su faɗa cikin natsuwa. Akwai kuma wata dabara da masanin yanke shawara Gary Klein ya bayyana a 2007, wadda na ga ta dace da mu ƙwarai. Bayan an tsara shiri, kafin a fara, sai shugaba ya ce wa jama'a su ɗauka shekara ta zagayo kuma shirin ya rushe gaba ɗaya, kowa ya rubuta dalilan da suka rusa shi. Alherin wannan hanya shi ne shugaba ne da kansa ya nemi a kawo aibin, don haka mai faɗa bai yi rashin kunya ba, umarni ya bi. Sannan ranar da wani ya kawo maka labari mara daɗi, ka gode masa a gaban mutane, domin sauran suna kallon abin da zai same shi, kuma a kan haka za su yanke ko su ma za su faɗa gobe.

Idan kuwa kai ne ƙarami, akwai ladabin da ya kamata ka koya, kuma littattafan sira sun kawo misalinsa. A yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan hijira, da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauka da runduna a wani wuri, sahabi Hubab ɗan Munzir ya fara tambaya ko wannan masauki umarnin Allah ne wanda ba a ƙetarewa, ko kuwa ra'ayi ne da dabarar yaƙi. Da aka ce masa ra'ayi ne, sai ya ba da shawarar a matsa zuwa rijiyar da ta fi kusa da abokan gaba, kuma aka karɓa. Ka lura da jerin: ya tambayi ko ƙofa a buɗe take, sannan ya kawo dalili, sannan ya kawo madadin. Kai ma kana iya cewa: "Ranka ya daɗe, wannan magana an riga an yanke ta daga sama ne, ko har yanzu ana iya kawo shawara?" Idan an ba ka dama, ka kawo abin da ka gani, kada ka kawo hukunci a kan mutum: "Malam, na buɗe buhu goma jiya, uku sun fara laushi, shi ya sa na ce bari in sanar da ku kafin a rufe rudun." Ka zaɓi lokacin da shugaba yake shi kaɗai idan maganar za ta iya kunyata shi, ka bar masa hanyar da zai canja ra'ayi ba tare da ya ji an kayar da shi ba. Idan lamarin ya shafi rai ko dukiya mai yawa kuma ba a saurare ka ba, ka rubuta shi cikin ladabi, da kwanan wata, ka miƙa ta hanyar da dokar wurin aikin ta tanada.

Lokaci da littafin shawarwari

Ba kowace shawara ce ta cancanci wannan dogon aiki ba, kuma wanda ya tsaya binciken komai zai tsayar da ma'aikata. Ma'aunin shi ne ko ana iya komawa baya. Canja jerin ranakun aiki ko gwada sabon mai kawo takarda abu ne da za a warware mako mai zuwa, a yanke shi da sauri. Korar ma'aikaci, cin bashin banki, gina sito, sa hannu a kwangilar shekara uku, waɗannan ba sa komawa, su ne suka cancanci a kwana a kansu, a yi shawara, a yi istihara. Inda zai yiwu, a mayar da babbar shawara ƙarama ta hanyar gwaji: sabon iri a kadada ɗaya kafin gona duka, sabon tsarin biyan kuɗi a reshe ɗaya kafin sauran. Wanda kuma ya matsa maka cewa sai yau ko ka rasa, matsin da kansa dalili ne na ƙara dubawa.

A ƙarshe ka tanadi littafi na musamman. Duk shawara mai nauyi ka rubuta ranarta, da abin da aka zaɓa, da abin da aka bari, da dalilai, da zato mafi girma da aka dogara a kansa, da abin da ake sa ran gani. Amfaninsa shi ne bayan wata shida zuciya takan gyara tarihi, mutum ya rantse cewa tun farko ya san haka za ta faru. Littafin zai nuna maka inda tunaninka ya yi daidai amma ƙaddara ta zo da fari ko rufe iyaka, da kuma inda ka yi sakaci amma Allah ya rufa asiri, kuma waɗannan biyun darasinsu daban ne. A layi na ƙarshe na kowane shafi ka sa ranar da za a sake dubawa da alamar da za ta sa a canja hanya. Ga ƙungiyar albasa, misali, a rubuta cewa duk kwana 15 mutum biyu za su buɗe rudu su ƙirga, kuma idan ruɓewa ta kai buhu 15 cikin 100 kafin watan Yuli, za a sayar da rabi a farashin ranar ba tare da an sake kiran taro ba.